Willis Carrier, Ɗan Manomin da Ya Ƙirƙiro Iyakwandishan

Daga wani ɗan kulob ɗin 'yan jarida, aji 2 na ƙaramar sakandare

A wannan fitowar ta mujallarmu ta bango ni aka ba shafin tarihin mashahuran mutane. Da farko na yi niyyar in rubuta a kan wani sarki ne, to amma ranar da na zauna zan fara, zafi ya hana ni sakat. Kun dai san yadda ajinmu yake a watan Afrilu idan rana ta take: kwanon rufi ya ɗauki zafi, gumi yana ɗiga a kan littafi, biro ma zamewa yake yi a hannu. Nan take na sake shawara. Na ce bari in nemo tarihin mutumin da ya fara yin maganin irin wannan zafin.

Akwai kuma wani dalilin. Kawuna mai gyaran firji ne da iyakwandishan, wanda yawancinmu muke ce wa esi, a nan cikin garin Funtua. Idan an yi hutu nakan bi shi aiki, in riƙe masa jakar kaya, in miƙa masa sifana da filaya. Wata rana na tambaye shi wanda ya fara ƙera wannan na'ura. Ya yi shiru, sannan ya yi dariya ya ce shi dai ya fi shekara ashirin yana ci da ita, amma bai taɓa tambayar sunan mai ita ba. Sai ya ɗora mini aikin in binciko in zo in gaya masa. Ga abin da na samo.

Sunan mutumin Willis Haviland Carrier. An haife shi ranar 26 ga Nuwamba, 1876, a gonar iyayensa kusa da wani ƙaramin gari da ake kira Angola. Kada ku ce ƙasar Angola ta nan Afirka ce, ni ma haka na ɗauka da farko har na fara murna. Wannan Angolar tana cikin jihar New York ta ƙasar Amurka, a gefen wani babban tafki mai suna Erie, ba nisa da birnin Buffalo. Abin mamaki, yankin ba na zafi ba ne. Wuri ne da ya yi suna wajen dusar ƙanƙara, inda babbar damuwar mutane ita ce yadda za su ɗumama gida. Sunan mahaifinsa Duane, mahaifiyarsa kuma Elizabeth, kuma shi kaɗai suka haifa. Ya taso yana aikin gona kafin ya tafi makaranta da bayan ya dawo, kamar dai yadda da yawa daga cikinmu suke yi da damina.

Abin da ya fi ba ni mamaki a yarintarsa shi ne lissafi ya taɓa gagarar sa. Lokacin yana ɗan shekara tara, ya kasa gane lissafin rabi da kwata da sauran ɓangarori. Mahaifiyarsa ba ta doke shi ba, ba ta kuma kira shi daƙiƙi ba. Ta sa ya ɗebo 'ya'yan tuffa, ta ba shi wuƙa ya riƙa yanka su gida biyu, gida huɗu, gida takwas, yana haɗawa yana cirewa har ya gani da idonsa cewa kwata biyu su ne rabi ɗaya. Tun daga ranar ya ɗauki ɗabi'ar farfasa kowace matsala ƙanana-ƙanana kafin ya tunkare ta. Na gwada wa ƙanwata wannan dabarar da lemon zaƙi, ta kuwa gane, sai dai ta shanye lemon kafin mu kai ga kashi takwas. Ita Elizabeth mace ce mai hannun gyara. Ita ke gyara agogon gidansu da keken ɗinki idan sun lalace, kuma a wurinta Willis ya ga yadda ake kwance abu a mayar da shi. Ta rasu yana da shekara goma sha ɗaya kacal.

Ya gama makarantar Angola a 1894, ya ƙara karatu a babbar makarantar Buffalo ya gama a 1897. A shekarar ya ci jarrabawar samun tallafin karatu zuwa Jami'ar Cornell. Tallafin na kuɗin makaranta ne, ci da wurin kwana kuwa sai ya nema da guminsa. Ya yi yankan ciyawa a gidajen mutane, ya yi aikin zuba gawayin kwal a murhunan ɗumama gidaje, shi da wani abokinsa kuma suka kafa harkar wanki ta ɗalibai. Ya fita da digirin injiniya a 1901.

Aikinsa na farko a kamfanin Buffalo Forge ne, a kan albashin dala 10 a mako. Wannan kamfanin ba sanyi yake sayarwa ba, zafi yake sayarwa. Yana ƙera manyan fankoki da na'urorin ɗumama masana'antu da na busar da katako da kofi. Na'urar ɗumamawar ba wani abu ba ce illa bututun ƙarfe da aka nannaɗe, a tura tururi mai zafi a ciki, fanka ta hura iska ta kansa, iskar ta fito da ɗumi. Carrier ya lura cewa injiniyoyin kamfanin kintace kawai suke yi wajen sanin tsawon bututun da gini yake buƙata, kuma don gudun kunya sai su zuba fiye da kima. Shi kuwa ya zauna yana aunawa yana rubutawa, har ya fitar da jadawalin da ke nuna daidai yawan zafin da iska take ɗauka daga bututu. Wannan jadawalin ya rage wa kamfanin asarar kimanin dala 40,000. Da suka ga haka sai suka buɗe sashen gwaje-gwaje suka ba shi shugabanci, alhali bai daɗe da fara aiki ba.

To, a nan ne labarin ya fara daɗi, kuma sai kun ɗan yi haƙuri da ni, don sai an fahimci laima kafin a fahimci Carrier.

Iskar da muke shaƙa tana ɗauke da ruwa wanda ido ba ya gani. Wani lokaci yana da yawa, wani lokaci kaɗan. Mu nan mun san wannan ko ba a koya mana a aji ba. A watan Agusta gishiri yana jiƙewa a cikin roba, ashana ta ƙi kamawa, ƙofar katako ta kumbura ta ƙi rufuwa, wanki ya kwana biyu bai bushe ba. Da hunturu kuwa leɓe ya tsage, ƙafa ta yi faso, bangon littafi ya lanƙwashe, wanki ya bushe kafin a gama shanya. Duk aikin ruwan cikin iska ne, yawansa ko ƙarancinsa.

A unguwar Brooklyn ta birnin New York akwai wata maɗaba'a mai suna Sackett-Wilhelms, wadda take buga wata mujallar barkwanci mai launi da ake kira Judge. A wancan zamanin launi ɗaya-ɗaya ake bugawa. Takarda za ta shiga inji a buga mata launi guda, a jira ta bushe, a sake mayar da ita a buga na biyu, har a kai huɗu. Matsalar ita ce takarda tana shan laima. Idan yau iska ta jiƙe sai ta ɗan buɗe, gobe idan ta bushe sai ta tsuke. Bambancin ɗan kaɗan ne, amma ya isa ya sa ja ya sauka inda ba wurinsa ba, hoton mutum ya fito da baki biyu. Tawada ma ba ta bushewa da wuri. Ana ta zubar da takarda, mujalla tana makara. Masu maɗaba'ar suka nemi taimako, maganar ta iso Buffalo Forge, aka miƙa wa Carrier. Shekararsa 25.

Gwajinsa na farko bai yi kyau ba. Ya jiƙa algarara da ruwan wani irin gishiri mai zuƙe laima, ya hura iska ta ciki. Laimar ta ragu, amma iskar ta fito da ɗumi da ɓurɓushin gishiri, wanda ba mai son sa kusa da injin ƙarfe. Sai ya koma kan abin da ya fi sani, wato bututun ɗumama ɗaki. Ya yi tunanin idan tururi mai zafi a cikin bututu yana ɗumama iska, to ruwan sanyi a cikin bututun zai sanyaya ta. Kuma idan iska ta taɓa abu mai sanyi, ruwan da ke cikinta yakan sauka ya kwanta a jikin abin. Ku tuna ledar fiya wata mai sanyi, ko kofin silba da aka zuba wa ruwan ƙanƙara, yadda bayansa yake yin gumi. Ba yoyo yake yi ba, ruwan iska ne ya sauka a kai. Da wannan dabarar Carrier ya tatse ruwan da ke cikin iskar maɗaba'ar. Zanen aikin yana ɗauke da kwanan wata 17 ga Yuli, 1902, kuma ranar ce ake ɗauka a matsayin ranar haihuwar iyakwandishan. Don ku gane daɗewar abin, lokacin saura 'yan watanni Turawan mulkin mallaka su ci Kano da Sakkwato a 1903.

Ashe ke nan ba don mutane aka fara yin esi ba, don takarda aka yi. Da na gaya wa Kawu haka sai da ya ajiye abin da ke hannunsa. Ya nuna mini siririn tiyon nan da ke ɗigar da ruwa a bayan kowane esi, wanda wasu suke tara wa bokiti. Ya ce kullum yana ɗaukar wannan ruwan a matsayin fitina, ashe shi ne asalin abin da aka ƙera na'urar dominsa, sanyin daga baya ya biyo.

Na'urar Brooklyn ba ta gamsar da Carrier sosai ba, don ba ta riƙe laimar daidai yadda yake so a kowane lokaci. Yana cikin wannan tunanin ne wata rana da yamma, a ƙarshen 1902, ya tsaya jiran jirgin ƙasa a tashar birnin Pittsburgh, hazo ya rufe ko'ina. Hazonsu ba irin namu na hunturu ba ne mai ƙura, nasu na ruwa ne, kamar wanda muke gani a fadama da asuba bayan an kwana ana ruwa. Yana kallon hazon sai ya gane cewa iska ce da ta ƙoshi da ruwa har ba ta iya ɗaukar ƙari. Kuma yawan ruwan da iska take iya riƙewa ya danganta da zafinta: mai zafi tana riƙe da yawa, mai sanyi kaɗan. Saboda haka idan ya haɗa nasa hazon a cikin akwati, ya fesa ruwa mai sanyi sosai ya tura iska ta ciki, iskar za ta huce, ta zubar da ruwan da ya fi ƙarfinta. Daga nan sai ya ɗan ɗumama ta ya tura ɗaki. Wato da ruwa zai busar da iska. Ni kaina sai da malaminmu na kimiyya ya maimaita mini sau uku kafin na yarda. Daɗin dabarar shi ne tana aiki ta kowane ɓangare: idan an fesa ruwan sanyi a rage laima, idan an fesa mai ɗumi a ƙara ta. An ba shi takardar mallakar wannan ƙirƙira ranar 2 ga Janairu, 1906, mai lamba 808,897.

Wannan ɓangaren ya shafe mu, mu mutanen Funtua, garin auduga. Waɗanda suka fi rububin na'urar Carrier a farko masu masaƙu ne. A masaƙa matsalar kishiyar ta maɗaba'a ce. Idan iska ta bushe da yawa zare yana yin gautsi ya riƙa tsinkewa, auduga ta yi ta tashi tana manne wa inji. A 1906 aka sa na'urarsa a wata masaƙar auduga mai suna Chronicle a garin Belmont na jihar North Carolina, a 1907 kuma aka sayar wa wata masana'antar siliki a Yokohama ta ƙasar Japan. Sunan Turancin da muka ara muka mayar iyakwandishan ma ba Carrier ne ya raɗa shi ba. Wani injiniyan masaƙu ne mai suna Stuart Cramer ya fara amfani da shi a 1906, kuma shi ma zancen zare yake yi. Na tambayi kakata, wadda ta yi kaɗi da mazari tun tana budurwa, ko zare ya fi tsinkewa da hunturu. Ta ce wannan ai kowace mai kaɗi ta sani, ba sai an je Amurka ba. Duk wanda ya wuce ta gaban masaƙar Funtua ko gidan gurzar auduga, to ya san cewa yaƙin da Carrier ya yi da busasshiyar iska yaƙi ne da duk mai sarrafa auduga a ƙasa irin tamu yake yi.

A watan Disamba na 1911, ya gabatar da wata takarda a gaban ƙungiyar injiniyoyin Amurka, inda ya bayyana lissafin da ya haɗa zafin iska da laimarta da lokacin da raɓa take sauka. Har yau masu koyon wannan fanni suna aiki da jadawalin da ya samo asali daga nan. Yaron da kwata da rabi suka gagara ke nan.

A 1914 Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, shugabannin Buffalo Forge suka yanke shawarar rufe sashen su Carrier su koma ƙere-ƙere zalla. Aiki ya ƙare ke nan. Maimakon kowa ya kama gabansa, shi da abokan aikinsa shida suka tattara ɗan abin da suka tara, ya kama dala 32,600, suka kafa kamfaninsu ranar 26 ga Yuni, 1915. Babban abokin tafiyarsa shi ne Irvine Lyle. Carrier ya iya tunani da lissafi, Lyle ya iya ciniki da magana da mutane, kuma a ganina da babu Lyle da wuya mu ji sunan Carrier yau. Dalilina shi ne Carrier mutum ne mai mantuwa idan tunani ya ɗauke shi. Ana ba da labarin ya taɓa yin tafiya da akwati, da aka buɗe ba komai a ciki sai hankici guda.

Injinan sanyi na wancan lokaci manya ne ƙwarai, kuma yawanci da gas ɗin amoniya suke aiki, mai wari da guba. Idan ya yi yoyo a wurin da jama'a suka taru, to an shiga uku. Shi ya sa aka bar su a masana'antu. Carrier ya ƙera wani sabon inji mai juyawa kamar fanka wajen matse gas, wanda bai kai na da girma ba, kuma yana aiki da wani sinadari da bai kai amoniya haɗari ba. Ya nuna shi a garin Newark a watan Mayun 1922. Don tsoron kada injiniyoyin da aka gayyata su ƙi zuwa, sai aka haɗa da walima da wasan dambe. Wannan ya ba ni dariya, ashe ko'ina sai da abinci ake tara mutane.

Daga nan sanyi ya fito daga masana'anta ya shiga cikin jama'a. A 1924 aka sa wa babban kantin Hudson na birnin Detroit, inda a da masu sayayya suke suma don zafi a ranakun rangwame. A 1925 aka sa wa gidan sinima na Rivoli a New York. Kafin lokacin gidajen sinima kusan kowa ƙaurace musu yake yi da bazara. Ana ba da labarin ranar buɗewa mutane sun shigo kowa da maficinsa don ba su yarda ba, suna ta fifita, can sai aka ga mafitai suna sauka ɗaya bayan ɗaya. Majalisar wakilan Amurka ta samu nata a 1928, majalisar dattawa a 1929. An kai injinansa jiragen ruwa, an kai har ramukan haƙar zinare masu zurfi na Afirka ta Kudu, inda zafin ƙarƙashin ƙasa yake kashe leburori.

Gidajen talakawa kuwa shiru. Kamfanin ya fito da na'urar gida a 1928, sai ga karyewar tattalin arziki ta 1929, mutane suna neman abin da za su ci, wa yake ta sanyi? Dole a 1930 kamfanin ya haɗe da wasu biyu, ɗaya daga cikinsu na kayan ɗumama gida ne, Carrier ya zama shugaba. A 1937 suka koma birnin Syracuse. A bikin baje kolin duniya na New York a 1939 sun gina wani ɗaki mai siffar gidan ƙanƙara don mutane su shiga su ɗanɗana. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya zo, har ciro injinan sanyi aka yi daga manyan kantuna aka kai masana'antun kayan yaƙi. A lokacin ne ya yi aikin da shi kansa ya fi alfahari da shi: sanyaya wani ƙaton ramin gwajin injinan jiragen sama a birnin Cleveland, inda ake saukar da sanyin iska ya yi ƙasa da sifiri sosai, don a ga yadda inji zai yi a can ƙololuwar sama.

Gaskiya dai ba shi kaɗai ya yi wannan aiki ba, kuma bai kamata a ba shi duka ladan ba. Tun kafin a haife shi, wani likita a jihar Florida mai suna John Gorrie ya ƙera injin yin ƙanƙara don ya sanyaya ɗakin masu zazzaɓi. Ya sami takardar mallaka a 1851, aka yi ta yi masa dariya, ya mutu a 1855 ba shi da komai. Akwai Frederick Jones, baƙar fata ɗan Amurka wanda ya taso a garejin gyaran mota, shi ya ƙera injin sanyaya manyan motocin ɗaukar abinci. Duk lokacin da na ga kwandunan tumatirin Ɗanja suna ruɓewa a bakin titi kafin mota ta zo, shi nake tunawa. Mu ma nan muna da namu. Randa da tulu sun daɗe suna sanyaya ruwa ba wuta ba gas, kuma wani malami a jihar Jigawa, marigayi Mohammed Bah Abba, ya ɗora a kan wannan hikimar ya yaɗa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har ya ci kyautar Rolex a shekarar 2000.

Akwai kuma abin da ban ji daɗinsa ba game da esi, kuma zan faɗa. Ba ya kashe zafi, kwashe shi yake yi daga ciki ya zubar a waje. Gas ɗin da ke yawo a bututun jan ƙarfe yana zuƙe zafin ɗaki, kwamfireso ya matse shi, fankar waje ta hure zafin. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bayan banki kusa da akwatunan nan masu ƙugi ya ji iskar da ke fitowa kamar ta bakin tanda. Na ciki yana shan sanyi, mai tallan da ke raɓe a jikin bango yana shan zafi biyu. Ga cin wuta. Ga shi kuma wasu nau'o'in gas da aka yi amfani da su bayan zamanin amoniya sun riƙa cinye rufin ozon da ke kare mu daga zafin hasken rana, sai da ƙasashen duniya suka yi yarjejeniya a Montreal a 1987 a daina su. Shi ya sa Kawu yake faɗa idan ya ga yaran shago suna sakin gas a iska don wasa.

Wani aiki da muka je da shi a hutun da ya wuce ya sa na ƙara ganin amfanin halin Carrier na aunawa kafin a yanke hukunci. Wani mai gida ya kira mu, esinsa ba ya sanyi. Kafin mu, wani mai gyara ya zo sau biyu yana cewa gas ne ya ƙare, yana karɓar kuɗi. Kawu bai taɓa tukunyar gas ba. Ya kashe wuta, ya buɗe murfin gaba ya zaro ragar tace iska, sai ga ta ta toshe da jar ƙurar hunturu kamar an yaɓa mata laka. Ni aka ba na wanke a bakin famfo. Muka wanke na wajen ma, muka ture buhunan masara da aka jingina masa suka hana shi shan iska. Da aka kunna, ɗaki ya ɗau sanyi. Kawu ya bayyana wa mai gidan cewa gas ɗin esi ba fetur ba ne da yake ƙonewa, zagayawa kawai yake yi, idan ya ragu to akwai inda yake yoyo, kuma da ruwan kumfa ake gano wurin a toshe kafin a ƙara wani. Ya ce masa ya riƙa wanke ragar duk bayan mako biyu a lokacin ƙura, kada ya kunna idan wuta ba ta da ƙarfi don kwamfireso yana ƙonewa, kuma idan an ɗauke wuta an dawo da ita ya jira 'yan mintoci. Ni kuma gargaɗin da nake sha kullum shi ne kada in kuskura in sa hannu cikin na waje ko da an kashe, saboda akwai wani ɗan gwangwani a ciki da ake kira kafasito wanda yake riƙe wuta.

Tun da Carrier da ɗumama ɗaki ya fara, bari in taɓa namu. Mu ba mu da bututun tururi, kaskon wuta muke da shi. Idan sanyin Disamba da Janairu ya tsananta, wasu sukan shiga da garwashi ɗaki su rufe ƙofa da taga su kwanta. Gawayi yana fitar da wata iska mai guba da ake kira kabon monoksaid, ba ta da launi ba ta da wari, mutum yana barci za ta kashe shi. Ita ce dai take fitowa daga janareta. Idan za a ji ɗumi a bar taga a buɗe, kuma a fitar da kaskon kafin a kwanta. 'Yan uwana masu kwana ɗaki ɗaya da ƙanne ko kakanni, don Allah ku isar da wannan gida.

A rayuwarsa ta gida Carrier ya ga jarrabawa. Matarsa ta farko, Claire, ta rasu a 1912. Ta biyu, Jennie, wadda suka ɗauki riƙon yara maza biyu tare, ta rasu a 1939. Ya sake aure na uku da wata mai sunan mahaifiyarsa, Elizabeth. A ƙarshen rayuwarsa ciwon zuciya ya kama shi, likitoci suka sa shi yawan kwanciya, amma bai bar lissafi ba. Ya rasu a birnin New York ranar 7 ga Oktoba, 1950, yana da shekara 73, shekara goma kafin Nijeriya ta sami 'yancin kai. An binne shi a maƙabartar Forest Lawn da ke Buffalo. Ya bar takardun mallakar ƙirƙira fiye da 80. Bai ga lokacin da esi ya cika gidaje ba, don sai a shekarun da suka biyo bayan mutuwarsa ƙananan na taga suka yi arha a Amurka. A 1998 mujallar Time ta sa shi cikin mutum 100 da suka fi tasiri a ƙarni na 20, kuma kamfanin da ke ɗauke da sunansa yana nan har yau.

Na kai wa Kawu wannan rubutun kafin in kawo wa editanmu. Ya sa na karanta masa tun daga farko har ƙarshe yana zaune a kan wani mataccen firji, ya sa na maimaita wurin hazon nan sau biyu. Da muka gama ya aike ni in juyo masa kwafi ɗaya, ya ce zai liƙa a bangon shago kusa da kalanda. Ya kuma yi mini alkawarin idan aka yi dogon hutu zai fara koya mini karanta agogon auna gas.